Yadda Ake Zaɓar Kifi Don Ƙaramin Tankin Rainon Murjani a Sakkwato

Tankin rainon murjani kamar fangalin irin albasa yake a fadama. Ana yanko ɗan reshe daga uwar murjani, a manna shi da gam a kan ɗan gammo na tangaran ko siminti, a jera gammunan a kan raga ta roba a ƙarƙashin fitila, a jira su kama su yi girma. Tankin ba shi da zurfi, yawanci santimita 20 zuwa 30 ne, duwatsun ciki kaɗan ne, sau da yawa ma babu yashi a ƙasa. Mai gidan shi ne murjani. Duk kifin da zai shiga ɗan aiki ne aka ɗauka, don haka kafin ka ba da kuɗinka ka san aikin da zai yi, abincin da zai ci, da ɓarnar da ka iya biyo shi.

Wasu kan ce to me zai hana a bar tankin babu kifi? Ana iya haka, amma da wahalarsa. Murjani dabba ce, kuma a cikin namanta akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ke sarrafa haske su ciyar da ita. Su kuma suna buƙatar taki, wato naitirojin da fosfet. Kifi yana fitar da amoniya, mai ɗauke da naitirojin, ta wurin numfashinsa, kashinsa kuma yana kawo fosfet, murjani ya sha. Idan awo ya nuna naitiret, wato abin da amoniya ke komawa a ƙarshe cikin ruwa, da fosfet sun koma sifili, sai ka ga launin dashen ya koɗe, girma ya tsaya, wata yauƙi mai ruwan ƙasa da ƙananan kumfa ta rufe raga. Abin da ake nema shi ne naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, duka a ma'aunin miligiram cikin lita. Kifi biyu ko uku da ake ciyarwa da lissafi sun isa su riƙe wannan. Samar da takin nan shi ne aikin kifi na farko. Aiki na biyu cin gansakuka, na uku farautar tsutsotsin da ke cin murjani.

Kifi nawa tankinka zai ɗauka

Fara da sanin ainihin ruwan da ke ciki, kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwali. Auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan a santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Tanki mai tsawon 60, faɗin 45, da ruwa ya kai 22, lita 59 ke nan da 'yan kai. Ƙasa da lita 40, ka haƙura da kifi ko ka tsaya kan ƙarami ɗaya da bai wuce santimita 5 ba. Lita 60 zuwa 80, biyu. Lita 100 zuwa 150, uku, in da hali huɗu ƙanana.

Wannan lissafi ya yi ƙasa da wanda za ka gani wurin masu kiwo na Turai da Amurka, kuma da gangan ne. Ruwan gishiri ba ya riƙe iskar shaƙa kamar ruwan daɗi. A digiri 25, litar ruwan daɗi tana riƙe sama da miligiram 8 kaɗan, ta teku kuwa ba ta kai 7 ba, kuma duk ƙarin zafi yana rage ta, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙatarta. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. Don haka ka ƙirga kifinka da yanayin ƙarfe 3 na rana a watan Afrilu, wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya. Adadin da zai rayu a wannan sa'a shi ne adadin da tankinka ke ɗauka.

Ruwan murjani yana son digiri 24 zuwa 26. A 28 an kai bakin gaɓa, in ya daɗe a 30 murjani zai tofar da halittun nan na jikinsa ya yi fari fat. Fanka da ke busa saman ruwa tana sauke digiri biyu ko uku, kuma ta fi aiki a busasshiyar iskar Maris da Afrilu, tana raguwa idan gumin gab da damina ya shigo. Ita kaɗai ba ta isa ba a ɗakin da ya kai 35. Sai na'urar sanyaya ruwa ko ta sanyaya ɗaki, tare da sola da inbata da za su riƙe su. Wanda bai da wannan tukuna, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan batir ya yi ƙasa, famfon da ke motsa ruwa ake bari a kunne, a kashe fitila: murjani yana jure kwana biyu cikin duhu, kifi kuwa ba ya jure 'yan sa'o'i a ruwan da ya tsaya cik. Ajiye ƙaramin famfon iska mai batir a kusa. Da hunturu kuma lamarin juyawa yake, dare ya yi sanyi, sai an sa hita, iska kuma ta riƙa shanye ruwan. Lita 2 in ta ƙafe daga lita 60, gishiri ya tashi daga 35 zuwa sama da 36 cikin dubu. Kullum a cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri, don gishirin bai ƙafe ba, yana nan ciki. Nauyin ruwan, wato awon da ke nuna yawan gishirinsa, ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026.

Waɗanda suka cancanta

Za mu ambaci kowane kifi da sunansa na kimiyya, domin shi ne ba ya canzawa tsakanin dillalai. Shi za ka rubuta wa mai sayarwa.

Wanda ya fi dacewa da mai farawa a nan shi ne wanda ake yawan rainawa: moli, Poecilia sphenops, musamman baƙi mai gajeren wutsiya. Masu sayar da kifin ado na ruwan daɗi suna da shi, ba shi da tsada, kuma a asalinsa yana rayuwa har inda kogi ke haɗuwa da teku, don haka yana iya komawa ruwan gishiri gaba ɗaya. Yini yake yana tsattsagar laushin gansakuka a kan raga da gammuna, ba ya taɓa murjani. Tunda daga ruwan daɗi ya fito, ba ya zuwa da cututtukan fatar kifin teku. Hanyar sabar da shi: zuba shi a wani tanki ko bokitin roba mai tsabta da dutsen iska, kowace rana ka ɗebe ɗan ruwa ka mayar da na gishiri yadda nauyin zai hau da 0.002 zuwa 0.003, cikin kwana goma ya kai 1.025. Wasu suna yi cikin yini ɗaya, amma asara ta fi yawa a gaggawa. Lahaninsa biyu. Ba gwanin iyo a ruwa mai ƙarfi ba ne, sai ka bar masa kusurwar da famfo ba ya bugawa. Kuma haihuwa yake yi kamar ba gobe, don haka ɗauki jinsi ɗaya.

Cikin kifayen teku masu cin gansakuka, bileni mai ɗigo a wutsiya, Ecsenius stigmatura, shi ne daidai ƙaramin tanki. Santimita 6 ne, yana son rami. Guntun bututun roba mai faɗin yatsa ya ishe shi ɗaki. Ɗan'uwansa Ecsenius bicolor ya fi shi girma kuma yakan ciji murjani idan yunwa ta kama shi. Shi kuwa Salarias fasciatus, wanda ake yaba wa aikin share gansakuka, yana kai santimita 13, ya cinye na ƙaramin tanki cikin makonni, daga nan ya fara ramewa don da yawansu ba sa karɓar abincin gwangwani. Kowane bileni yana son zama a kan abu, in gammon bai zauna daram a raga ba zai kifar da shi.

Farautar tsutsotsi aikin kifin ras ne, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Mai zane shida, Pseudocheilinus hexataenia, ya yi suna a tankunan raino: santimita 7 zuwa 8, yini yake leƙa ƙarƙashin gammuna yana tsintar shimfiɗaɗɗun tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi masu cutarwa, kuma ba ya buƙatar yashi, cikin yauƙin da yake saƙa wa kansa yake kwana a rami. Amma in ya girma ya san wuri, mafaɗaci ne. Zai iya korar sabon kifi har ya yi tsalle ya faɗo waje. In za ka ɗauke shi, ya zama na ƙarshen shiga, a tankin da ya kai lita 100, ko kuma ya zauna shi kaɗai. Mai sanyin hali da ke yin kusan aikinsa shi ne Pseudocheilinops ataenia, santimita 6, mai kunya, samunsa ne ke da wuya. Akwai rawayan ras, Halichoeres chrysus, wanda ya fi su duka ƙwazon farauta, sai dai yana kai santimita 12 kuma cikin yashi yake kwana, cikinsa yake ɓuya in ya tsorata. A tankin da babu yashi, sa masa kwanon roba da lallausan yashin teku mai zurfin santimita 5 a kusurwa. In babu, zai yi ta dukan gilashin ƙasa da baki har ya ji ciwo. Ƙasa da lita 150 bai dace da shi ba.

Kada ka ɗora wa ras abin da ya fi ƙarfinsa. Rage tsutsotsi yake yi, ba ya ƙarar da su, kuma ƙwan da suke mannawa a gindin gammo ba ya cikin abincinsa. Kowane sabon dashe sai an tsoma shi a maganin wanke murjani gwargwadon mintunan da aka rubuta a kwalbar, a ɗauraye, a duba gindinsa da madubin ƙara girma, in ya yiwu a cire shi daga tsohon gammo a manna a sabo.

Damsel shuɗi mai duhu, Chrysiptera springeri, santimita 5, yana da juriya, masu kiwo da yawa sun shaida yana cin shimfiɗaɗɗun tsutsotsi, kuma shi ne mai dama-dama a dangin da aka sani da faɗa. Ɗaya tak. Sauran damsel, musamman masu zanen baƙi da fari na dangin Dascyllus, arha suke amma fitina ce ka saya.

Sai kilawun mai ruwan lemo da farin zane uku, Amphiprion ocellaris, wanda kowa ya fi so. Ba ya share gansakuka, ba ya farauta. Takinsa ne amfaninsa. Kyansa shi ne ana haifarsa a gidajen kiwo, yana cin kowane abinci, yana jure tafiya, kuma ba ya buƙatar fili. Ɗauki ɗaya, ko biyu ƙanana ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma: babban zai zama mace, ƙaramin namiji, haka halittarsu take. Uku a ƙaramin tanki, biyu za su haɗe wa ɗaya kai. Matsalarsa a tankin raino ita ce in bai sami abin fakewa ba sai ya zaɓi dashe mai dogayen hannuwa irin Euphyllia ko Goniopora ya yi ta birgima a ciki, dashen ya ƙi buɗewa har ya lalace. Sa masa ƙaramin tukunyar ƙasa marar fenti a kwance nesa da raga, yakan karɓe ta. Guji babban ɗan'uwansa ja, Premnas biaculeatus, wanda macensa ke kai santimita 15, tana ɗaukar dashe da baki ta jefar, ta kuma ciji hannunka.

In wuri ya rage, gobi mai shuɗin zane Elacatinus oceanops, ɗan santimita 5, ba ya damun kowa, sai dai shekara ɗaya zuwa biyu ce rayuwarsa. Pterapogon kauderni na tsibiran Banggai a Indonesiya ma shiru-shiru ne, amma ka nemi haifaffen gidan kiwo, domin tun 2007 aka sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa saboda yawan kamu.

Waɗanda za ka bari a shago

Kifin tang ya fi kowa jan ido, kuma za ka ga hotunansa a manyan gonakin murjani. Can tankunan ɗaruruwan lita ne. Rawayan, Zebrasoma flavescens, yana kai santimita 20, shuɗin, Paracanthurus hepatus, 30. Ko ƙananansu na dangin Ctenochaetus suna son lita 250 zuwa sama. A ƙunci suke fara kamuwa da cuta. Mai sayarwa zai ce ai ƙarami ne, in ya girma ka sake masa wuri. A Sakkwato wa za ka kai wa?

Dangin Chaetodon murjani ne abincin da yawansu. Dangin Centropyge suna da kyau suna da ƙanƙanta, amma suna yagar nama, kuma abin da babbar uwar murjani za ta jure, dashe mai girman farce ba zai jure ba. Ɗan rawayan gobi, Gobiodon okinawae, yana yaudarar mutane da ƙanƙantarsa, santimita 3 da rabi, alhali a kan reshen murjanin Acropora yake zama, ya ciji bakunan murjanin, in zai yi ƙwai ya fere naman reshen. Gobi masu tace yashi na dangin Valenciennea suna watsa yashi a kan dashe sannan yunwa ta kashe su. Synchiropus splendidus, mai launi kamar an yi masa zanen lalle, ƙananan ƙwarin ruwa masu rai yake ci dare da rana, tankin raino marar duwatsu ba ya samar da su. Acreichthys tomentosus ana sayen sa don ya cinye wata muguwar halitta mai kama da ciyawa da ake kira Aiptasia, in ta ƙare yakan juya kan murjani masu laushi.

Ko cikin ma'aikatan da ba kifi ba akwai zaɓi. Dodon koɗi na dangin Trochus da Cerithium suna share gilashi da raga ba tare da ɓarna ba; ɗaya ga kowace lita 10 ya isa a fara. Ƙaguwa masu shiga kwanso suna ture gammuna, bushiyar teku kuwa ɗaukar dashe take ta yi yawo da shi a bayanta.

Saye, tafiya da killacewa

Teku tana da nisan kusan kilomita 1,000 daga nan ta hanyar mota, kifin kuma yawanci ya riga ya sha tafiyar jirgi daga wata ƙasa kafin ya sauka Legas. Nemi bidiyon kifin da za a aiko maka yana cin abinci, ba hoton irinsa ba. Duba ciki kada ya zama a lotse, ido garau, fata babu ɗigo ko ƙura, numfashi a natse. Tambayi kwana nawa ya yi a shagon. Wanda ya yi mako biyu yana ci ya fi wanda ya sauka jiya. Tambayi nauyin gishirin ruwansu, domin dillalai da yawa suna ajiye kifi a 1.020 ko ƙasa. Kowane kifi ledarsa daban, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iskar oksijin, cikin kula mai rufi. Jirgin sama zuwa filin Sultan Abubakar III ya fi mota, kuma kada a sa kular a but. Ka yi odar a damina ko farkon hunturu, ka bar bazara ta wuce.

Idan ledar ta kwana a hanya, kada ka buɗe ta ka yi ta ɗiga mata ruwa na sa'o'i. Numfashin kifin ya sa ruwan ciki ya yi tsami, tsamin ne ya danne dafin amoniyar da ta taru. Da zarar iska ta shiga, tsamin ya ragu, dafin ya tashi. Ɗora ledar a rufe a kan ruwa minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, ka riga ka haɗa ruwan tankin killacewa daidai da gishirin dillali, buɗe, ɗauke kifin ka saka, zubar da ruwan ledar. Daga nan ka riƙa ɗaga gishirin da 0.001 zuwa 0.002 a rana.

Tankin killacewa lita 40 ne kawai, da soso mai tace ruwa wanda ya riga ya nuna, wato bakteriyar da ke sarrafa amoniya sun kafu a cikinsa, da guntayen bututu na ɓuya. Kifi ya yi aƙalla kwana 30 a ciki. Cututtuka uku ake tsaro. Cryptocaryon yana fitowa kamar an barbaɗa gishiri a jiki. Amyloodinium kamar ƙurar hunturu yake a fata, kifi ya yi ta haki yana fuskantar famfo, kuma yana iya share tanki cikin kwana biyu ko uku. Brooklynella ta fi kama kilawun, fata ta yi ta saɓule farar yauƙi. Biyun farko da maganin jan ƙarfe ake kashe su, ana auna shi kullum bisa umarnin kwalbar, kuma jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe murjani da dodon koɗi da jatan lande. Shi ya sa ba a magani a tankin raino, kuma raga ko bokitin da ya taɓa maganin ba ya komawa can. In cutar ta riga ta shiga, sai a kwashe kifin duka, a bar tankin babu kifi. Masu kiwo suna ƙirga kwana 76 don ƙwayoyin da suka kwanta su ƙyanƙyashe su mutu babu mai ɗaukarsu.

Shigarwa da ciyarwa

Sabon tanki yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin bakteriyar da ke sarrafa amoniya su kafu. Sai awo ya nuna amoniya da naitirait sifili (naitirait daban yake da naitiret, shi dafi ne kamar amoniya). Kifi ɗaya-ɗaya ake sakawa, tsakani mako biyu ko uku, mai sanyin hali a gaba, mafaɗaci a ƙarshe. Ga lita 60: bileni, sannan kilawun ɗaya; ko moli biyu kawai. Ga lita 120: moli ko bileni, kilawun biyu, ras a ƙarshe.

Murfi dole ne. Tanki marar zurfi, ga haske mai ƙarfi, ga ƙarancin maɓoya, ƙarar janareto ko ɗaukewar wuta farat ɗaya ta isa ta sa ras ko gobi ya yi sama. Gilashi yana tara zafi, don haka a yi firam a ɗaura farar raga mai ramuka milimita 6. Ragar sauro ta yi ƙanƙanta, tana tare haske tana tara ƙura.

Abinci ƙwaya mai milimita 0.5 zuwa 1 na kifin teku, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Abincin tarwada bai dace ba, maiƙonsa ya yi yawa, zai tura fosfet sama gansakuka ta rufe dashe. Daskararren abinci yana da kyau, amma wanda ya narke ya sake daskarewa saboda wuta, zubar da shi. Ƙwan Artemia, wani ɗan mitsitsin jatan lande, da masu ƙyanƙyasar tarwada ke amfani da shi yana taimakawa sosai ga sabon kifin da ya ƙi ci: rabin ƙaramin cokali a litar ruwa mai giram 25 zuwa 30 na gishiri, da dutsen iska, cikin kwana ɗaya ya ƙyanƙyashe, a tace a ɗauraye a ba su. Auna naitiret da fosfet kowane mako. In suna hawa rage abinci ka canja kashi 10 cikin 100 na ruwan, in sun faɗi sifili ƙara abinci kaɗan.

Ruwan canjin da gishirin teku na musamman ake haɗa shi, mai kalsiyam da magniziyam, a cikin ruwan da na'urar tacewa ta cire wa komai. Gishirin girki ba ya yi, ruwan burtsatse ko na rijiya kai tsaye ma haka. Ɗakin da tankin yake kuma ba a fesa maganin sauro a cikinsa, ba a kunna na hayaƙi, domin famfon iska yana zuƙe shi ya tura cikin ruwa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi da jatan lande cikin dare ɗaya. A sanar da uwargida da yara wannan tun ranar farko, har da batun turaren wuta. Kai ma kafin ka tsoma hannu ka gyara gammo, ɗauraye man shafawa da turare da sabulu da ruwa zalla har gwiwar hannu.